Masu Kwalliyar Fim: Yadda Sirrin Sana'a Ya Fito Fili

A shekarar 1925, da kamfanin Universal zai saki fim ɗin The Phantom of the Opera, an ɓoye hoton fuskar jaruminsa Lon Chaney har zuwa ranar da aka haska shi a sinima. Chaney da hannunsa ya tsara fuskar: ya ɗage hanci, ya baƙanta kewayen idanu, ya sa haƙoran ƙarya, har kai ya koma kamar ƙoƙon kan gawa. Akwatin kayan aikinsa yana ajiye yau a wani gidan tarihi a Los Angeles. A zamaninsa kuwa, irin wannan akwati ba a buɗe shi a gaban baƙo. Wanda ya san haɗin da ke manne gemu ba ya ɓallewa a ƙarƙashin zafin fitilu, ya san abincinsa ke nan, kuma bakinsa alaikum.

Sana'ar ta tashi ne daga larura. Fim ɗin da ake ɗaukar hoto da shi a farkon ƙarni na 20 yana mayar da ja ya zama baƙi, ga shi kuma man fuskar da 'yan wasan dandamali suka saba shafawa yana tsattsagewa idan kyamara ta matso. A 1914 Max Factor, wani mai yin gashin kanti da ya yi hijira zuwa Amurka daga Gabashin Turai, ya fito da mai laushi wanda ke bin motsin fata. A 1917 George Westmore, mutumin Ingila, ya kafa sashen kwalliya na farko a kamfanin fim. 'Ya'yansa maza suka gaje shi suka rarraba manyan kamfanoni a tsakaninsu: Perc a Warner Bros., Wally a Paramount, Bud a Universal. Wanda ba ɗan gida ba, sai ya yi shekaru yana wanke buroshi kafin a nuna masa komai.

Ba ilimi kaɗai ake ɓoyewa ba, har da suna. Jack Pierce ne ya ƙera fuskar dodon Frankenstein a 1931 da auduga da gam, yana shafe sa'o'i kowace safiya a kan fuskar ɗan wasa Boris Karloff, amma babu sunansa a jerin ma'aikatan fim ɗin. Daga baya al'adar ta zama shugaban sashe ne kawai ake rubutawa, ko da bai taɓa fuskar kowa ba. Abin da ya sami Milicent Patrick ke nan, matar da ta zana dodon Creature from the Black Lagoon na 1954: sunan Bud Westmore ne ya fito, ita kuma ta rasa aikinta bayan kamfani ya tura ta yawon tallata fim ɗin. Sai a 2019 littafin Mallory O'Meara ya dawo da labarinta gaban jama'a.

Mutumin da ya karya al'adar ɓoye ilimin shi ne Dick Smith, kuma duk wanda ke cikin sana'ar, da shi yake fara lissafi. Bai fito daga gidan Westmore ba. Da kansa ya koya, ya zama shugaban kwalliya na gidan talabijin na NBC a New York a 1945. Shi ya mayar da Dustin Hoffman tsoho ɗan shekara 121 a Little Big Man na 1970. Maimakon ya rufe fuskar da fatar roba guda ɗaya kamar yadda aka saba, sai ya yanka ta gunduwa-gunduwa, goshi daban, kumatu daban, haɓa da wuya daban, kowanne ya hau gefen ɗan'uwansa, don ɗan wasa ya iya murmushi ko ɓata rai. Har gobe haka ake yi. Shi ne kuma ya yi kwalliyar Marlon Brando a The Godfather da Linda Blair a The Exorcist. Amma abin da ya fi ba abokan aikinsa mamaki shi ne, duk wanda ya rubuto masa wasiƙa yana tambayar haɗi, zai ba shi amsa dalla-dalla. A 1965 ya fitar da ɗan littafin koyar da yara kwalliyar dodanni da kayan da ake samu a gida, daga baya kuma ya buɗe kwas ta hanyar gidan waya.

Sakamakon ya nuna kansa. Rick Baker, wanda ya taimaka masa a The Exorcist yana matashi, shi ya fara lashe Oscar ta kwalliya a 1982 da An American Werewolf in London, bayan ƙorafin da aka yi kan rashin karrama aikin Christopher Tucker a The Elephant Man ya sa aka ware wa fannin gurbi na dindindin. Baker ya ƙare da guda bakwai. Wani saurayi daga Kyoto ta Japan ya riƙa aika wa Smith hotunan gwajin da yake yi a kan fuskarsa. Shi ne Kazu Hiro, wanda ya mayar da Gary Oldman ya zama Winston Churchill a Darkest Hour ya karɓi Oscar a 2018. Darakta Guillermo del Toro na Meziko ma ɗalibin kwas ɗin Smith ne.

Matsalar suna kuwa, daga wani ɓangare aka ɓullo mata. A watan Oktoban 1990 Col Needham, injiniyan kwamfuta a Ingila, ya rubuta 'yar manhajar da ke bincike cikin jerin sunayen 'yan wasa da daraktoci da masoya fim suka tattara. A 1993 rumbun ya hau intanet daga kwamfutocin Jami'ar Cardiff, ya zama IMDb, Amazon ta saye shi a 1998. Ga mai kallo, wurin duba shekarar fim ne da sunan jaruma. Ga mai kwalliya kuwa, takardar shaidar aiki ce: akwai sashe na musamman ga ma'aikatan kwalliya, wanda ya haɗa har da waɗanda suka yi aiki ba a rubuta su a fim ba. Furodusa yakan duba can kafin ya ɗaga waya. Sai dai jama'a ne ke shigar da bayanan, don haka akwai kurakurai, akwai kuma masu ƙara wa miyarsu gishiri.

Sauran hanyoyin yaɗa ilimin sana'ar suka biyo baya da sauri. Michael Key ya kafa mujallar Make-Up Artist a 1996, da bajekolin IMATS a shekara mai bi. YouTube ya zo a 2005. Bayan rasuwar Stan Winston a 2008, mutumin da ya gina dabbobin Jurassic Park, iyalinsa suka buɗe makaranta da sunansa a intanet, inda ƙwararru ke nuna yadda ake ɗaukar zubin fuska, da sassaƙa, da zuba silikon, mataki-mataki. Gasar Face Off ta tashar Syfy, daga 2011 zuwa 2018, ta shigar da ɗakin aikin cikin falon mutane.

Tsofaffin hannu suna da ƙorafi, kuma ba ƙarya suke ba. Bidiyo ba ya koya wa mutum yadda zai gyara gefen roba da ya ɗago saboda gumi alhali darakta na jira, ko yadda zai sa tabon da ya zana yau ya yi daidai da na makon jiya, ko haɗarin zuba wa mutum kayan zubi a fuska ba a bar masa kafar numfashi ba. Yawancin darussan farko ma a kan farar fata aka yi su, kuma sai a 2021 baƙaƙen mata suka fara lashe Oscar a fannin, wato Mia Neal da Jamika Wilson, da fim ɗin Ma Rainey's Black Bottom. Duk da haka, matashin da ke haɗa jinin ƙarya a lokeshin a Kano ko Legas yana da darussa a wayarsa waɗanda yaran shagon Westmore suka yi shekaru suna jira.

Abin da ya rage masa shi ne ya tabbatar an rubuta sunansa daidai a ƙarshen fim, ya kuma shigar da aikin a rumbun bayanai da kansa, domin babu wanda zai yi masa.