Cibiyar Allen da Taswirar Ƙwaƙwalwar Ɓera

A shekarar 2003 ne Paul Allen, abokin Bill Gates da suka kafa Microsoft tare, ya ware dala miliyan 100 ya buɗe cibiyar nazarin ƙwaƙwalwa a birnin Seattle na Amurka, shi da ƙanwarsa Jody. Aikin da suka fara da shi ya fi ƙarfin ɗakin bincike guda na jami'a: gano inda kowace ƙwayar gado, cikin kusan 20,000, take aiki a ƙwaƙwalwar ɓera.

Tsari irin na masana'anta suka bi. Ana yanka ƙwaƙwalwar siriri-siriri, a ɗora kan gilashi, injuna su rina, kyamara ta ɗauka, yau da gobe ba fashi. A 2006 taswirar ta kammala, aka zuba ta a intanet kyauta. A ganina wannan ne babban abin da cibiyar ta yi wa ilimi. Mai bincike da ba shi da kuɗin sayen injin ya samu abin da na jami'ar Harvard yake dubawa, ba tare da ya roƙi kowa ba.

Allen ya ƙara dala miliyan 300 a 2012, lokacin Christof Koch yana jagorantar ɓangaren kimiyya. A wannan zamanin ne ake aikin bin sawun jijiyoyi. Akan yi wa ɓera allura a wuri ɗaya cikin ƙwaƙwalwa, da ƙwayar cuta marar lahani wadda ke sa jijiyoyin wurin su riƙa haske kore. Bayan an ciro ƙwaƙwalwar, madubin likita ya ɗauki hoton samanta, wuƙa ta shafce kaurin da bai wuce silin gashi ba, a sake ɗauka, har kusan sau 140. Kwamfuta ce ke haɗa hotunan, sai ga hanyar zaruruwan jijiyoyin daga tushensu har inda suka tsaya. Sakamakon ya fito a mujallar Nature a 2014, ƙarƙashin Hongkui Zeng.

Allen ya rasu a Oktoban 2018, aiki bai tsaya ba. A 2020 suka fitar da ma'auni guda da aka tace daga ƙwaƙwalen ɓeraye 1,675, domin masu bincike ko'ina su riƙa nuna wuri ɗaya da suna ɗaya. A Disambar 2023 kuma, da tallafin gwamnatin Amurka, tawagar Zeng ta rarrabe ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera gaba ɗayanta zuwa iri 5,322, tare da nuna mazaunin kowanne.