Fentikostal da Karismatik: Abin da suka yi imani da shi

A Najeriya, da wuya a samu babban gari da babu majami'ar Redeemed, Deeper Life, Living Faith ko Assemblies of God. Dukkansu na ƙarƙashin reshen Kiristanci da ake kira Fentikostal, wanda ya fi kowane reshe saurin yaɗuwa a ƙarni na 20. Rahoton cibiyar bincike ta Pew ta Amurka na shekarar 2011 ya ƙiyasta mabiyansa da miliyan 279 a duniya, ban da wasu miliyan 305 da ake kira 'yan Karismatik. Idan an haɗa su, sun zarce kashi ɗaya bisa huɗu na Kiristocin duniya.

Asalin sunan

Kalmar Fentikos ta fito daga harshen Girka, ma'anarta "ta hamsin". Idi ne na Yahudawa da ake yi kwana hamsin bayan Idin Ƙetarewa. Sura ta 2 ta littafin Ayyukan Manzanni ta ba da labarin cewa a wannan rana Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajiran Yesu a Urushalima, suka fara magana da harsunan da ba su taɓa koyo ba. Duk Kiristoci sun yarda da wannan labari. Inda 'yan Fentikostal suka bambanta shi ne cewa abin bai tsaya a zamanin manzanni ba: kowane mai bi na iya samun irinsa a yau. A kan wannan ne sauran koyarwarsu ta ginu.

A watan Janairun 1901, a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Charles Parham da ke Topeka a jihar Kansas, an ruwaito cewa wata ɗaliba, Agnes Ozman, ta yi magana da harsuna. Amma tafiyar ta bunƙasa ne daga 1906, da falkaswar titin Azusa a birnin Los Angeles, ƙarƙashin William Seymour, baƙar fata ɗan 'yantattun bayi. Farare da baƙaƙe suka riƙa ibada tare a lokacin da wariyar launin fata ke da ƙarfi, kuma daga nan masu bishara suka bazu zuwa ƙasashe da dama.

Abin da suka haɗu da sauran Kiristoci a kai

Mafi yawansu sun riƙe aƙidar Triniti, wato Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Sun ɗauki Littafi Mai Tsarki a matsayin hurarriyar maganar Allah, kuma shi ne ma'auninsu na ƙarshe. Sun yi imani da mutuwar Yesu a kan gicciye da tashinsa daga matattu, da cewa ceto na samuwa ta wurin tuba da bangaskiya, abin da suke kira maya haihuwa. Galibi suna yin baftisma ta nutsarwa cikin ruwa ga wanda ya mallaki hankalinsa, ba ga jarirai ba.

Baftismar Ruhu Mai Tsarki

Wannan ce cibiyar aƙidar. Suna koyar da cewa bayan tuba akwai mataki na biyu, inda Ruhu Mai Tsarki ke cika mai bi, ya ba shi ikon yin shaida da hidima. Majami'u irin su Assemblies of God, wadda aka kafa a 1914, na cewa alamar farko ta samun wannan baftisma ita ce magana da harsuna: furuci a cikin addu'a da harshen da mai furtawar bai sani ba.

Daga nan sai baye-bayen Ruhu guda tara da Manzo Bulus ya lissafa a sura ta 12 ta wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa, ciki har da annabci, warkarwa, aikata al'ajibai, rarrabe ruhohi da fassara harsuna. Wasu malaman Furotesta na ganin baye-bayen al'ajibi sun ƙare da shuɗewar manzanni. 'Yan Fentikostal kuwa sun ce suna nan daram. Shi ya sa ake ganin ɗora hannu a kan marasa lafiya, shafe su da mai, azumi, addu'ar kwana da korar aljanu a majami'unsu. Tunda a ganinsu Ruhu na iya amfani da kowa, mata sun samu damar wa'azi tun da wuri. Aimee Semple McPherson, wadda ta kafa majami'ar Foursquare a Los Angeles, ta taƙaita saƙon a ginshiƙai huɗu: Yesu mai ceto ne, mai yin baftisma da Ruhu, mai warkarwa, kuma sarki mai dawowa ba da jimawa ba. Sa ran dawowarsa ta biyu shi ke ingiza su ga gaggawar yaɗa bishara.

Su wane ne 'yan Karismatik?

Sunan ya fito daga kalmar Girka mai nufin baiwa. Su ne Kiristocin da suka karɓi koyarwar baye-bayen Ruhu amma suka ci gaba da zama a majami'unsu na asali. A 1960 wani limamin cocin Episkopal a jihar Kalifoniya, Dennis Bennett, ya shaida wa jama'arsa cewa ya yi magana da harsuna, sannan a 1967 abin ya shiga cocin Katolika ta hanyar ɗaliban Jami'ar Duquesne da ke Pittsburgh. Da yawansu ba sa ɗaukar harsuna a matsayin sharaɗi, kuma 'yan Katolika daga cikinsu na kallon lamarin a matsayin sabunta alherin da aka riga aka samu a baftisma.

Inda suka sha bamban

Saɓani mafi girma ya taso ne tun a shekarun 1910, lokacin da wasu suka ƙi aƙidar Triniti, suka koma yin baftisma da sunan Yesu kaɗai. A 1916 Assemblies of God ta fitar da ginshiƙan aƙidarta tana jaddada Triniti, su kuma suka ware.

Saɓani na biyu ya shafi bisharar wadata, wadda ke cewa Allah na nufin mai bi ya samu lafiya da arziki a duniya, kuma bangaskiya, zakka da baiko na buɗe ƙofarsu. Kenneth Hagin da Oral Roberts ne suka yi fice da ita a Amurka, a Najeriya kuma Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998. Majami'ar Living Faith ta David Oyedepo, wadda ta yi tashe a Kaduna a shekarun 1980 kafin ta koma Ota a jihar Ogun, na cikin masu jaddada ta. Deeper Life, da William Kumuyi ya faro da nazarin Littafi Mai Tsarki a Legas a 1973, ta fi ba da ƙarfi ga tsarkin rayuwa da kamun kai. Masu sukar bisharar wadata, ciki har da 'yan Fentikostal kansu, na cewa tana ɗora wa talaka laifin talaucinsa, kuma tana iya sa mara lafiya jinkirta zuwa asibiti.

'Yan Fentikostal ba su da shugaba guda kamar Fafaroma. A Najeriya ƙungiyar PFN, da aka kafa a 1985, ita ce inuwar da ta tattara yawancinsu, amma kowace majami'a ita ke tsara koyarwarta. Don haka kalaman fasto guda ba sa wakiltar dukkan reshen. Mai son sanin matsayin wata majami'a sai ya duba bayanin aƙidar da ita kanta ta wallafa.