Tarihin Bizar Abokin Zama Marar Aure a Birtaniya

Bizar abokin zama marar aure izini ne da Birtaniya ke bai wa baƙo ya shiga ko ya ci gaba da zama a ƙasar saboda alaƙarsa da ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin, alhali dokar ƙasar ba ta san su da aure ba. Masu rubutu a kanta sun saɓa kan shekarar da ta fara. Wasu na cewa 1997, wasu 2000, wasu kuma ba su san komai ba kafin 2012. Kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma tushen ya girmi duk shekarun nan uku.

Kafin 1985, dokokin shige da fice sun yarda a shigo da macen da ke zaman dindindin da namiji ko da babu takardar aure. Mace kaɗai aka yi wa wannan tanadi. A watan Mayun 1985 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a shari'ar Abdulaziz, Cabales da Balkandali cewa Birtaniya na nuna bambanci, domin namiji ya fi samun sauƙin kawo matarsa fiye da yadda mace ke kawo mijinta. Maimakon a faɗaɗa wa mata, sai gwamnati ta ƙuntata wa kowa. A gyaran dokoki na 1985 aka cire tanadin zaman dindindin daga rubutacciyar doka, ya koma sassauci kawai wanda Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke yi in ta ga dama. A Fabrairun 1996 gwamnatin John Major ta janye sassaucin ma baki ɗaya.

Shekaru bakwai da suka biyo baya su ne ƙashin bayan wannan tarihi. Rufe ƙofar ya fi cutar da rukuni biyu. Na farko maza da matan da ke zaune tare amma ɗayansu yana da tsohon aure da bai samu hanyar warware shi ba. Na biyu masu jinsi ɗaya, waɗanda dokar lokacin ba ta ba su damar aure ba, kuma su ne suka fi matsa wa gwamnati lamba ta hannun wata ƙungiya da aka kafa a 1993 a ƙarƙashin Stonewall, ƙungiyar kare haƙƙinsu. Bayan jam'iyyar Leba ta hau mulki a Mayun 1997, ƙaramin minista Mike O'Brien ya sanar da sabon sassauci, wanda ya fara aiki ran 13 ga Oktoban 1997. Sharuɗɗansa masu tsauri ne. Sai mutanen biyu sun nuna sun zauna tare shekara 4, sai duk wata tsohuwar alaƙa ta mutu har abada, sai sun iya ciyar da kansu da samun muhalli ba tare da tallafin gwamnati ba. Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne sai ya kasance doka ce ta hana su aure, ban da hanin kusancin jini ko ƙarancin shekaru. Wato wanda yake da damar aure amma bai yi ba, babu rabonsa a ciki.

Sharaɗin shekara 4 ya zo da wata matsala da aka gano da wuri. Ta yaya mutum biyu daga ƙasashe daban za su tara shekara huɗu a ɗaki ɗaya, alhali babu bizar da ke barin su su zauna tare tsawon haka? A Yunin 1999 aka rage shi zuwa shekara 2, aka kuma tsawaita wa'adin gwaji kafin samun zaman dindindin daga shekara 1 zuwa 2. Ran 2 ga Oktoban 2000, ranar da Dokar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1998 ta fara aiki, aka shigar da tanadin cikin rubutattun dokokin shige da fice a sakin layi na 295A. Wannan ce ranar da ta fi cancanta a kira haihuwar bizar, domin sassauci alfarma ce da minista ke iya ɗaukewa da sanarwa ɗaya, kamar yadda aka gani a 1996. A Afrilun 2003 aka soke sharaɗin hanin aure, sai ƙofar ta buɗe ga kowa.

Daga nan sharuɗɗan suka bi sahun na ma'aurata. A Nuwamban 2008 aka ɗaga mafi ƙarancin shekaru zuwa 21 da hujjar yaƙi da auren dole, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa a shari'ar Quila a 2011, aka koma 18. Jarrabawar Turanci ta matakin farko ta shigo a Nuwamban 2010. Ran 9 ga Yulin 2012, lokacin da Theresa May ke riƙe da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, aka kawo sashen da ake kira Appendix FM. Ya wajabta wa mai ɗaukar nauyi samun fam 18,600 a shekara, da ƙarin 3,800 don ɗan fari da 2,400 don kowane mai bi masa, ko ajiyar fam 62,500, ya kuma mayar da wa'adin gwaji shekara 5. Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccin ƙa'idar kuɗin a 2017. A ƙarshen Janairun 2024 aka sassauta ma'anar abokin zama: abin nema yanzu alaƙa ce mai kama da aure ta shekara 2, ko da aiki ko karatu ko al'ada sun hana su zama gida ɗaya. Ran 11 ga Afrilun 2024 kuɗin ya tashi zuwa fam 29,000, ajiya kuma 88,500.

Bahaushe in ya ji sunan bizar, zaman dadiro ne zai fara zuwa masa a rai, ya kawar da kai. Kuskure ne mai tsada, domin abin da ake nufi da marar aure a nan shi ne wanda dokar Ingila ba ta amince da aurensa ba. Auren da aka ɗaura a Kano ko Damagaram bisa dokar wurin, Birtaniya na karɓarsa a matsayin aure. Amma wanda aka ɗaura a cikin Ingila, a gida ko a masallaci, ba tare da bin ƙa'idojin Dokar Aure ta 1949 ba, ba aure ba ne a idon hukuma, ko da an biya sadaki a gaban waliyyi da shaidu. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka a shari'ar Akhter da Khan a Fabrairun 2020. Irin waɗannan ma'aurata, in ba su yi rajista ba, ta wannan biza suke bi, kuma dole su cika shekara biyun. Mai neman kawo mata ta biyu kuwa ba zai samu hanya ta nan ba, tunda Dokar Shige da Fice ta 1988 ta rufe ƙofar kishiya, kuma sharaɗin mutuwar tsohuwar alaƙa yana nan tun 1997. Mai nema daga Nijeriya, Nijar, Gana ko Kamaru sai ya haɗa da takardar gwajin tarin fuka daga asibitin da Birtaniya ta amince da shi, kuma izinin farko da ake ba shi na wata 33 ne.