Tafiyar Bishop Tugwell da Likita Mila Zuwa Kano, 1900

A watan Janairu na 1900 Turawa biyar na mishan CMS suka tashi daga Legas suka nufi ƙasar Hausa. Shugabansu Bishop Herbert Tugwell ne, tare da Richardson da Ryder da Burgin, sai kuma wani saurayin likita, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila daga baya. Ba wanda ya tilasta musu, su suka miƙa kansu. Kuma ba da ka suka zo ba, gama waɗansunsu sun fara zama a Tarabulus suna koyon Hausa a bakin fatake da mahajjata. Wannan ya sa labarinsu ya dame mu, domin mutane ne da suka yi shiri, amma Kano ta kore su.

A Zariya Sarki Kwasau ya karɓe su hannu bibbiyu, suka ɗauka haka za a yi ko'ina. Suka wuce Kano, suka isa a watan Afrilu. Da aka kai su gaban Sarki Alu, suka ce suna so su zauna su buɗe makaranta, su kuma yi wa mutane magani. Sarki ya nuna musu cewa Kano tana da makarantunta da malamanta da maganinta, ba ta aika a kirawo kowa ba, ya ba su kwana uku su fita.

Mun saba ba da wannan labari a aji kamar taurin zuciya ne kaɗai ya rufe ƙofar. A ganinmu wannan rabin magana ce. Mu duba abin da Sarki Alu yake gani daga inda yake zaune. Bai daɗe da hawa gadon sarauta ba, kuma ta yaƙin basasa ya hau. Daga arewa Damagaram tana kawo hari, garuruwan iyaka irin su Babura suna zaman dar-dar. A 1899 rundunar Faransawa ta ratsa ƙasar Hausa ta arewa tana ƙone garuruwa, ta kama Zinder. Daga kudu kuwa, ran 1 ga Janairu 1900 Lugard ya kafa tutar Ingila a Lokoja, a watan da waɗannan baƙi suka kama hanya. To, Bature biyar sun iso da ayarin 'yan dako, wa zai gaya wa sarki cewa ba 'yan leƙen asiri ba ne?

Sai kuma maganar ladabi, wadda ta fi shafarmu. A ƙasar Hausa baƙo ba ya faɗa wa gari haka kawai. Yakan aika tukuna, ya sami mai masauki wanda zai tsaya masa, a yi masa iso, ya yi gaisuwa, ya jira a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Babban baƙo ma yakan yi kwanaki kafin ya buɗe bakin jakarsa. Waɗannan bayin Allah sun iya kalmomin gaisuwa, amma sun zo da buƙatarsu a tafin hannu, ba kuwa wanda ya gayyace su, ba wani ɗan gari mai mutunci da zai ce na san su. Likita Mila da kansa, bayan ya tsufa a aikin, ya rubuta cewa zuwan nan Kano babban kuskure ne.

Abin mamaki, akwai waɗanda suka riga su gane wani ɓangare na wannan. A 1890 Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson sun zauna a Lokoja suna sa riga da rawani, suna cin abincin gari, suka kuma ce ba za su fake a inuwar gwamnatin Ingila ba. Ciwo ya ɗauke su duka biyu cikin shekara biyu, dabararsu ba ta kai ga gwaji sosai ba.

Ayarin Tugwell ya koma Girku a ƙasar Zazzau, garin da Walter Gowans na SIM ya rasu a 1894. A nan Ryder ya rasu, ba da daɗewa ba sauran suka janye. Abin ya bar baya da ƙura. Hukumar Turawa ta riƙe wannan tafiya a matsayin hujja ta taƙaita shigar mishan ƙasashen sarakuna, musamman bayan alkawarin da Lugard ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin mutane ba. An yi shekaru da dama kafin SIM ta sami wurin zama a Roni, ita ma da iznin hukuma da na sarauta.

Mai bishara da za a tura yau wajen Kanya Babba ko Gwiwa ba Bature ba ne, watakila daga Kagoro ko Biliri ya fito, Hausa kuwa a bakinsa take tun yana yaro. Duk da haka baƙo ne, kuma tambayoyin da za a yi a ƙofar dagaci ba su sake ba: wa ya aiko shi, a gidan wa ya sauka, wa ya san shi.

Likita Mila dai ya dawo. Ya shiga birnin Zariya da zama a 1905, ya yi shekara fiye da ashirin a cikin ganuwa yana magani, yana koyarwa, yana gyara Hausarsa a bakin mutanen gari. Yana cikin manyan waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932.