Haldiram's: Yadda Soyayyen Waken Bikaner Ya Tsallaka Teku

Garin Bikaner yana cikin hamadar Thar ne, a jihar Rajasthan ta arewa maso yammacin Indiya. Ƙasa ce ta rairayi da raƙuma, daminarta gajera, wata shekarar ma ba ta kawo abin kirki. Tun can da, manomin yankin gero yake shukawa, sai wani ɗan ƙaramin wake da suke kira moth, wanda ya fi yawancin danginsa jure fari. Da garin wannan wake ake yin bhujia. A kwaɓa shi da gishiri da barkono da kayan ƙamshi, a murza kwaɓin a kan wani faranti mai ƙananan huji, ya riƙa zuba cikin tafasasshen mai kamar siririyar taliya, a tsame shi ya yi ƙarau. Mutanen garin suna cewa a 1877 aka fara yin sa, zamanin Maharaja Dungar Singh.

Masu soya shi a Bikaner ba su ƙirguwa, kuma dukkansu kusan abu ɗaya suke sayarwa. Cikinsu akwai wani gida na Agarwal, daga 'yan kasuwar Marwari da suka yi suna wajen fatauci a duk faɗin Indiya. A gidan ne aka haifi Ganga Bishan Agarwal, wanda mahaifiyarsa ke yi wa laƙabi da Haldiram. Yana yaro ya shiga shagon kakansa, ya koyi suya a bakin kasko. Sai dai bhujia na lokacin yana da kauri da ɗan laushi, shi kuwa bai gamsu da hakan ba. Ya ƙara yawan garin moth a kwaɓin, ya nemi faranti mai huji ƙanana ƙwarai, har ya samu wani siriri mai ƙaras-ƙaras wanda babu irinsa a kasuwa. Ya sa masa suna Dungar Sev, da sunan tsohon sarkin nan, ya kuma tsawwala kuɗinsa a kan na maƙwabta. Mutane suka saya. Kamfanin yana lissafin kafuwarsa daga 1937.

A cikin shekarun 1950 ya je Kalkata, ya ga birni cike da 'yan Marwari masu kewar abincin gida, ya buɗe shago a can, ɗansa Rameshwar Lal ya riƙe shi. Wannan dabara ta bin sawun 'yan gida duk inda nema ya kai su, ita ce gidan ya yi ta maimaitawa har ya fita ƙasar.

Jikokinsa ne suka faɗaɗa abin, 'ya'yan babban ɗansa Moolchand. Shiv Kishan ya sauka a Nagpur, tsakiyar ƙasar, wajen 1970. A can ya tarar mutanen jihar Maharashtra ba su damu da bhujia kamar na Rajasthan ba, don haka ya haɗa da kayan zaƙi na madara da na kashu, daga baya da abincin kudancin Indiya. Manohar Lal da Madhusudan suka nufi Delhi a farkon shekarun 1980, suka kama shago a tsohuwar kasuwar Chandni Chowk. Ba su daɗe ba aka kashe Firaminista Indira Gandhi a ƙarshen Oktoban 1984, tarzoma ta ɓarke a birnin, wuta ta cinye wurin nasu. Suka sake ginawa. Shi kuwa Shiv Ratan ya zauna a Bikaner, daga bisani ya fitar da nasa sunan daban, Bikaji, wanda Amitabh Bachchan ke yi wa talla tun 2019. Masu kallon finafinan Indiya ba sa buƙatar a gabatar musu da shi.

Ke nan suna ɗaya ne a kan allo, amma a lokacin kamfanoni uku ne masu zaman kansu: Delhi na da arewa, Nagpur na da yamma da kudu, Kalkata na da gabas. Rabon bai hana rigima ba. Ɓangaren Kalkata da na Delhi sun shafe shekaru masu yawa a kotu kan wanda ya mallaki sunan. Littafin Bhujia Barons na Pavitra Kumar, wanda ya fito a 2016, ya bi diddigin wannan zaman doya da manja na 'yan'uwa. A ganina rabuwar ta yi musu amfani ta wani fanni: kowane reshe ya ga ba shi da abin dogaro sai yankinsa, ya duƙufa ya koyi bakin mutanen wurin.

Abin da ya sauya komai ba a kasko ya faru ba. Har cikin shekarun 1980, irin waɗannan kayan ƙwalam a buɗe ake sayar da su a Indiya. Mai shago ya ɗebo daga tulin da ke gabansa, ya auna a sikeli, ya ƙunshe a takarda. Iska da raɓa suna shiga, man ciki ya fara wari, cikin 'yan kwanaki abin ya yi sanyi ya daina ƙara a baki. Kayan da ba ya wuce mako ba ya tafiya mai nisa, komai daɗinsa. Manohar Lal ne ya fi kowa nacewa a kan leda. Suka fara da buga suna da tambari a jikin fakiti, don mai saye a wani gari ya san na wa yake ci. Daga nan suka koma leda mai rufi-rufi wadda haske da danshi ba sa ratsawa, ana fitar da iskar ciki a cusa iskar naitirojin kafin a liƙe bakin. Tunda babu iskar da ke lalata mai, abin da da ba ya kai mako ya koma yin wata shida. Wata shida kuwa ya ishi kaya su shiga kwantena a Mumbai, su yi makonni a teku, su sauka, su zauna a kanta har mai saye ya zo.

Lokacin ma ya dace. A 1991 gwamnatin Narasimha Rao, da Manmohan Singh a matsayin ministan kuɗi, ta sassauta dokokin ciniki da waje. Hakan ya buɗe wa 'yan kasuwar Indiya ƙofar fita, ya kuma shigo musu da abokan gogayya masu jari. PepsiCo ta zo da soyayyen dankalinta, a 1999 ta fito da Kurkure mai yaji irin na Indiya. Dole gidan Haldiram ya gyara masana'antunsa da hanyoyin rarraba kayansa, ko kuwa a ci kasuwarsa a ƙofar gidansa.

A 1993 suka fara aika kaya Amurka. Masu saye na can suna jira. Dokar shige da fice ta Amurka ta 1965 ta ba likitoci da injiniyoyin Indiya damar shiga da yawa. A Birtaniya akwai tsofaffin mazauna Southall da ke Landan, ga kuma dubban da Idi Amin ya kora daga Yuganda a 1972, waɗanda da yawansu suka zauna a Leicester. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuwa arzikin mai ya cika su da ma'aikata daga Indiya. Kowace irin wannan unguwa tana da kantunan kayan masarufi nata, irin su Patel Brothers da aka buɗe a Chicago a 1974. Saboda haka kamfanin bai yi wahalar kama haya ko ɗaukar ma'aikata a ƙasar wani ba, bai kuma kashe kuɗi wajen koya wa baƙo cin abin da bai saba ba. Ya miƙa wa dillali katon, dillali ya miƙa wa mai kanti.

Akwai wani sauƙi da ba a cika ambata ba. Gidan ba ya taɓa nama, duk kayansa na tsirrai ne da madara, da ɗigon nan kore a jikin leda wanda dokar Indiya ta tanada don irin wannan abinci. Tsauraran ƙa'idojin shigo da nama ba su shafe shi ba, kuma Musulmi a Dubai ba ya tsayawa tambayar wa ya yi yanka. Daga baya suka ƙara da daskararrun samosa da paratha da dafaffen abinci na cikin fakiti, kayansu suka kai ƙasashe fiye da 80.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A 2015, daidai lokacin da ake ta cece-kuce kan taliyar Maggi a Indiya, rahotanni suka nuna cewa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha mayar da kayan Haldiram's daga bakin iyaka, bisa dalilin ragowar maganin ƙwari da ƙwayoyin cuta. Kamfanin ya ce kayansa lafiya lau suke, ma'aunin ƙasashen biyu ne ya bambanta. Hukumar jihar Maharashtra ta gwada samfura ta ce ba ta ga matsala ba. Duk da haka an ga inda gizo ke saƙa: waken da barkonon daga dubban ƙananan gonaki suke fitowa, kuma mai fitar da kaya ne zai amsa tambaya a kan feshin da kowane manomi ya yi.

Manyan kamfanoni sun daɗe suna zawarcin gidan. An yi maganar Kellogg, an yi ta Tata, ba a daidaita ba. Wahalar a bayyane take, domin mai saye yana son ya san da wa zai zauna ciniki. A 2023 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Indiya ta amince Delhi da Nagpur su haɗe harkar kayan fakitinsu wuri guda, Delhi da kashi 56 cikin 100, Nagpur da 44. Kalkata ba ta ciki. A Maris na 2025 Temasek, kamfanin zuba jari na gwamnatin Singafo, ya amince ya sayi kusan kashi 10 cikin 100, a farashin da ya sa darajar kamfanin ta kai wajen dala biliyan 10. IHC na Abu Dhabi da Alpha Wave Global suka biyo baya.

A wannan shekarar ce kuma gidan ya buɗe wurin cin abincinsa na farko a ƙasar waje, a unguwar Bur Dubai, sama da shekara 30 bayan katon ɗin farko ya tafi Amurka. Zaɓin bai ba kowa mamaki ba, don Indiyawan da ke zaune a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun haura miliyan 3. Amma wannan ciniki ne na daban. Abincin da ake ci da zafinsa ba ya jiran jirgin ruwa, sai an kai masu girki, an biya hayar Dubai, an kuma tabbatar ɗanɗanon yau ya zo daidai da na jiya. Shagunan cin abincin, na gida da na Dubai, ba sa cikin abin da aka sayar wa masu zuba jari. Suna hannun jikokin Ganga Bishan da 'ya'yansu.