Daga Masaƙun Kakuri Zuwa Gidajen Bulo na Kuje

Duk wanda ya shiga Kuje da sassafe zai ga matasa sun yi cirko-cirko a ƙofar gidajen bulo da na ruwan leda, suna jiran a kira su aiki. Abin da yawancinsu suka sani da sunan aikin kamfani ke nan. Iyayenmu da suka yi zamani a Kaduna kuwa, wani abu dabam suke nufi idan sun ambaci wannan kalma.

A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. Hikimar a fili take: audugar ƙasar Funtuwa da Gusau, maimakon a loda ta a jirgin ƙasa a kai wa Turawa, a saƙa ta a gida. Masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, Kano kuma ta cika da masana'antu a Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa. Yaro zai gama firamare ya shiga a matsayin lebura, ya koyi sarrafa inji a hannun na gaba da shi, har wata rana ya zama shugaban sashe. Ga albashi duk ƙarshen wata, ga ƙungiyar ƙwadago mai tsaya masa, ga kuɗin sallama idan ƙarfi ya ƙare. Da wannan albashi aka yi aure, aka gina gidaje, aka sa 'ya'ya a makaranta.

Sai abubuwa suka juya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, atamfofin waje masu araha suka cika kasuwa ta ɓarauniyar hanya. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007.

A daidai wannan tsakani Abuja ke tasowa. Janar Murtala Muhammed ya kafa ta da doka a 1976, gwamnati ta tare a Disamban 1991. Birnin ofisoshi aka tsara, masana'antu kuma aka ware musu yankin Idu. Kuje, ƙasar manoma Gade da Gbagyi, ta zama rumbun abincin birnin, sannan mafakar waɗanda tsadar haya da rusau suka koro daga cikin gari. Jama'a suka ƙaru, gine-gine suka bunƙasa, sana'o'in da suka biyo su kuwa ƙanana ne: buga bulo, walda, gidan burodi, niƙa abincin kaji. Yawancinsu aikin jinga ne. Ka yi a biya ka, ran da ba ka da lafiya babu ko sisi.

Ban raina waɗannan sana'o'i ba, domin suna rufa wa dubban gidaje asiri. Abin da ke ci mini rai shi ne doya da rogo da masarar Kuje suna fita ɗanye, kamar yadda audugarmu ke fita kafin 1957. Ina roƙon hukumar Babban Birnin Tarayya da ƙaramar hukumar Kuje su fara da samar da tsayayyar wuta da gyara hanyoyin ƙauyuka, domin masu jari su kafa injinan sarrafa amfanin gona kusa da manoman da suka noma shi.