Yaɓe da Siminti: Me Ake Adanawa a Ginin Ƙasa?

Ilimin adana kayan tarihi da gyara su ya taso ne a Turai, a kan ginin dutse da zanen fenti. Yarjejeniyar Venis ta 1964 ta ce a girmama ainihin kayan da aka yi aikin da su, mai gyara ya dakata inda hujja ta ƙare, abin da ya ƙara kuma ya zama ana iya gane shi. Ƙa'idojin suna da kyau, amma soron ƙasa a Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, ko a Gummi ko Bukkuyum, ba ya zama cikinsu daidai. Damina tana cin bango, rani ya yi magini ya mayar da yaɓe. Ginin da ya shekara ɗari ya sake fata sau da yawa, kuma wannan sakewar ce ta raya shi.

Hujjata ita ce, babban abin adanawa a nan shi ne sanin magini: yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, yadda ake jera tubali, a ɗaura azara, a shafe da makuba. Takardar Nara ta 1994 ta yarda da haka, domin ta sanya al'ada da dabarar aiki cikin ma'aunin asali. A Jenne ta ƙasar Mali, gari ne ke fitowa duk shekara ya yaɓe babban masallacinsa.

Zariya ta bi wata hanyar. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1970 an kewaye abin da ya rage daga cikinsa da ginin kankare. An tsira da bakan gizonsa, aka rasa siffarsa ta waje. Shafen siminti a kan bangon ƙasa ya fi wannan muni: yana kulle danshi a ciki, bango ya ruɓe a ɓoye, wata rana ya zube.

Yammacin Zamfara kuma yana da nasa sharaɗin. Gubar dalmar da ta bayyana a 2010, daga niƙan dutsen zinariya cikin gidaje, ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har sai da aka kankare ƙasar gidaje a Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega. Saboda haka duk wanda zai yaɓe tsohon zaure a wannan yanki, wajibi ne ya fara kai ƙasar kududdufin da zai ɗiba a auna ta, kafin magini ya sa hannu.